Marayu Bakwai a Akwati na Sha Bakwai

Aikin farko da safe hanci ne ke yinsa. Kafin ka kunna fitila, kafin ka taɓa akwati ko ɗaya, sai ka tsaya bakin ƙofa ka shaƙi iskar ɗakin. Ɗakin ɓeraye mai lafiya yana da warinsa, wani abu tsakanin turken awaki da ƙanzon tuwo. In ka ji ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarƙashin wannan warin, to wani ya mutu, sai ka bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya har ka same shi. Bara na faɗa wa 'yan makarantar aikin labo, wato ɗakin gwaji, haka da suka zo gaishe ni, suka yi ta dariya. Ɗayansu ya ce, "Baba, abin da ke kiwon kansa a rumbu, mi za a koya a kiwonsa?" Don su nake rubuta wannan.

Sunana Nomau. An haife ni a wani ƙauye kusa da Deule, a ƙasar Buza. Na tashi da sanda a hannu ina bin awakin babana tare da 'ya'yan Buzaye da na Fulani, can na tsinci harsunansu. Da na girma ƙafa ta ɗauke ni. Na yi dako a Kumasi, na yi gadi a Abijan, na kwaɓa siminti a Tamanrasset, daga ƙarshe jirgin ruwa ya sauke ni a Faransa. Aikin da ya riƙe ni shekara goma sha ɗaya a wani gari ne na arewacin ƙasar, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda wata makarantar likitoci ke ajiye dabbobinta na gwaji. Da wankin akwatuna na shiga. Wata tsohuwa 'yar Fotugal ce ta koya mini sauran. Wata shida ba ta bar ni na taɓa ɓera ba, daga wanki sai shara. Ranar da ta yarda, na kama shi a ƙarshen wutsiya, ta doke mini hannu da cokali. A gindin wutsiya ake kamawa, a ɗora shi kan murfin waya. In ya riƙe wayar da ƙafafun gaba, sai a tsuke fatar ƙeyarsa da yatsa biyu, a maƙale wutsiyar da ƙaramin yatsa. Ka matse da yawa ya shaƙe, ka sassauta ya juyo ya cije ka. Na sha cizo kafin hannuna ya gane.

A farkon shekarun alif ɗari tara da casa'in na dawo gida, na zauna a Madawa da niyyar in nemi garka in yi noman albasa kamar kowa. Ban daɗe ba, wata rana bayan la'asar wata matashiya mai tabarau ta yi sallama a zaurena. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sunanta Rifkatu, ɗiyar Fasto Ayuba na unguwar Kiristoci da ke jikin asibitin mishan. Ta yi karatun likita a Faransa, yanzu tana neman babban digiri, kuma malaminta ya yarda ta yi wani sashe na aikin a gida. Ta zo da ɓeraye arba'in.

"Baba," ta ce, "an ce mini duk ƙasar Adar kai kaɗai ka san yadda ake raya kusu. Saura duk kashe shi sunka iya."

Kusu, haka muke kiran ɓera a nan, in suna da yawa kuma kusa.

Na ga takardun da ɓerayen nan suka shigo Nijar da su. Sun fi waɗanda na shiga Faransa da su yawa, kuma nasu duk na gaskiya ne. Ta kama haya wani gida mai ɗaki uku a bakin gari, kan hanyar Buza, can ta zaunar da ni kan benci ta yi mini bayani.

Kitse ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa ruwa ne. Akwai wani irin kitse da likitoci ke kira kolestarol. Jiki na bukatarsa, amma ba ya iya tafiya cikin jini da ƙafarsa, sai an ɗauke shi. Saboda haka jiki ke ƙera 'yan dako. Wasu su ɗauko shi daga hanta su rarraba, wasu su bi hanya suna tsince wanda ya zube su mayar hanta. In masu tsincewa suka yi kaɗan, sai kitsen ya yi ta liƙewa a bangon jijiya, yadda laka ke cika hanyar ruwa a garka, har wata rana jini ya rasa wurin wucewa zuwa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Ɓeran rumbu ba ya wannan ciwo ko da a cikin man shanu zai kwana. Sai masu bincike suka shiga cikin ƙwayoyin gadon ɓera tun kafin ya zama ɓera, suka cire wadda ke ƙera ɗaya daga cikin 'yan dakon. 'Ya'yansa da jikokinsa duk haka ake haifarsu, cikin 'yan watanni jijiyarsu ta fara toshewa. Akwatunan waɗannan muka jera a kan katakon hagu. Kashi na biyu su ma an cire musu, amma an dasa musu wata ƙwayar gado ta mutum, wadda ke ƙera ɗan dako mai tsincewa, don haka jijiyarsu takan zauna kusan fes. Su muka jera a dama. Ita tana da dogayen sunaye da take kiransu, ni dai 'yan hagu da 'yan dama na sani.

Na tambaye ta, "Dokta, wanda anka dasa wa abin mutum, kusu ne ko mi?"

Ta ce kusu ne.

"To abin mutum ɗin fa?"

Ta ce shi ma yana nan, yana aikinsa. Na juya maganar da Hausa, na juya ta da Faransanci, na gwada ta da Buzanci, har yau ba ta zauna mini daidai ba.

Abin da take nema mai sauƙin faɗa ne. Tsofaffinmu na cewa albasa na wanke jini. Ita tana so ta gani da ido. Za a ba dukan 'yan hagu abinci mai maiƙo, rabi haka kawai, rabi da garin busasshiyar albasa a ciki. Bayan wata biyar a buɗe su a duba jijiya. 'Yan dama kuwa su ne ma'auni, da su ake sanin yadda jijiya mai tsabta take. Abu guda ku riƙe: 'yan hagu da 'yan dama duk baƙaƙe ne ƙirin, girma ɗaya, ido ɗaya. A wannan sana'a abokin cinikinka likita ne, kuma abin da yake saye a hannunka shi ne tabbacin cewa wanda ka miƙa masa, shi ne wanda ka ce.

Shimfiɗar akwati ita ta fara ba ni wuya. A Faransa dusar katako takan zo cikin buhu an riga an tsabtace ta. A Madawa na samo ta wurin kafinta, ta zo da ƙwari, sai na koma ƙaiƙayin gero. Ina soya shi a babban kasko har ya yi zafin da hannu ba ya iya zama a ciki, in bar shi ya huce a rufe. Ruwan sha sai an tafasa. Ƙafafun katakai kowace na tsoma ta cikin gwangwanin baƙin mai, don cinnaka kan cinye jarirai da ransu. Na toshe kowace kafa da siminti saboda ɓerayen gari, waɗanda ke jin warin mata su zo zance da cututtukansu. Abinci kuwa ranar Litinin nake haɗa na mako: garin gero, garin wake, man shanu daga hannun wata Bafulatana ta wajen Galma, da gwaiduwar ƙwai, kowane a kan sikeli. In murza, in yanka ƙanana, in shanya a inuwa. Kwanon masu albasa daban, cokalinsu daban, kuma sai na wanke hannu tsakanin biyun. Wani maƙwabci ya taɓa ɗanɗanawa, ya ce 'ya'yansa ba su samun irinsa ko ranar Salla.

Huda kunne shi ne aikin da na fi kowa iyawa, har a Faransa. Idan ɗan ɓera ya kai mako uku za a raba shi da uwa, sai a huda masa kunne da wani ɗan ƙarfe kamar abin yanke farce. Huda a gaban kunnen dama lamba kaza, tsaga a bayan na hagu lamba kaza, haka har ɗari. Nasara sun ɗauka su suka ƙago abin. Ni kuwa tun ina yaro na san shaidar gidanmu a kunnen akuya, na san ta Buzayen da ke sauka bayan garinmu. A ranar hudar kuma akan yanke ɗan ƙarshen wutsiya, kamar ƙwayar shinkafa, a jefa cikin 'yar kwalba mai alkol, ruwan da ke hana ruɓewa, a rubuta lamba a ajiye a firigo, wato firji. Da wannan guntun ake iya gane gadon ɓera, amma sai an aika Faransa. Ba mu cika aikawa ba, domin hagu da hagu ake haɗawa, dama da dama, abin da aka haifa an san ko wane ne.

Gari bai bar ni na huta ba. Taubashina Alhaji Mani, dillalin albasa, mutum mai tumbi da hawan jini, shi ya naɗa ni Sarkin Kusa. In na biyo ta tashar albasa sai ya miƙe daga kan buhu ya dunƙule hannu.

"Ranka shi daɗe! Ina talakawa? An ce sun samu kilim, mu muna nan muna gasuwa."

"Su aiki sukai, bawana. Kai mi kakai ban da cika riga?"

Maganar kilim gaskiya ce. Ɓeran gwaji ba ya jure zafin da mu muke jurewa, dole na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta aiki, in wutar gari ta ɗauke a tada gurub, wato injin wuta.

Mugunyar shekarar ita ce ta biyu, da bazara. Wutar gari ta koma sai ta leƙo ta tafi, gurub kuma wani ƙarfe ya karye a cikinsa wanda babu shi a Madawa, babu a Tawa. Dokta ta hau mota zuwa Yamai nemansa, ta yi kwana takwas. Na jera tuluna cike da ruwa a ɗakin, na rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogi, ina fifita da faifai har kafaɗa ta sage. Duk da haka kullum hanci na ba ni labari. A rana ta huɗu da safe na tarar da uwa guda ta 'yan dama a miƙe, ita ce kaɗai mai jego a wannan katakon. A ƙarƙashinta jarirai bakwai 'yan kwana uku, jajaye, ba gashi, ido a rufe, kunne a liƙe da kai, suna ta tsotsar gawa.

Duk wanda ya yi kiwo a Adar ya san abin da ake yi. Akuya ta mutu ta bar ɗa, ka kai shi ga wata mai shayarwa, ka shafa masa warinta, ka tsaya har ta lashe shi. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya yi. A akwati na sha bakwai, katakon hagu, akwai uwa mai 'ya'ya biyar waɗanda suka girmi marayun da kwana ɗaya. Na fitar da ita, na mirgina marayun cikin jiƙaƙƙen ƙaiƙayinta, na cusa su tsakanin nata, na mayar da ita. Ta shinshina, ta zagaya, ta kwanta a kansu. A Faransa ma ana yin haka, amma farar uwa ake ba baƙaƙen marayu, yadda in gashi ya fito ba mai rikicewa. Mu ba mu da farar uwa. Kunne kuma bai isa huda ba. Sai na ɗauki bik, wato biro, na ɗiga wa kowane maraya tawada a wutsiya.

Washegari ta lashe tawadar tas. Jarirai goma sha biyu a dunƙule wuri ɗaya.

Ban firgita ba, kuma wannan shi ne abin da nake so ku lura da shi. Ina da shekara goma na san awaki sittin kowace da fuskarta. Na tsuguna gaban akwatin na ce wa kaina, waɗannan biyar sun fi kauri, su ne nata. Kullum in duba su. Wannan mai lanƙwasar wutsiya, wancan mai kwana a gefe, wannan mai ture 'yan uwa. Dokta ta dawo da ƙarfen, ta tarar mun rasa goma sha ɗaya, ta zauna kan dakali ta cire tabarau. Na ce a raina ba yau ba, gobe na gaya mata. Da mako uku ya cika na huda biyar a matsayin 'yan hagu, bakwai a matsayin 'yan dama, na yanke wutsiyoyi na sa a firigo, na rubuta kowa a kaye, littafinmu na rajista, ƙarƙashin lambar uwarsa. Kwanakin da suka yi a akwati ɗaya ban rubuta ba. Biyar ɗin suka shiga cikin masu cin albasa. Bakwai ɗin, da yake su ne suka rage mana matasa a dama, aka haɗa su aure don a tada zuriya.

Buɗe jijiya aikin Dokta ne, nawa miƙawa da riƙe fitila. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciyar ɓera ba ta fi zaren ɗinki kauri ba. Takan zare ta a ƙarƙashin mikroskop, madubin ƙara girman abu, ta tsaga ta a tsaye da almakashi mai bakin allura, ta shimfiɗa, ta zuba wani jan rini wanda kitse kaɗai yake kamawa. Ta ɗan hagu takan fito da jajayen tabo kamar an watsa mata manja. Kwana uku muna buɗewa, marasa albasa ja, masu albasa ma ja, kusan babu bambanci. A rana ta uku da hantsi ta ɗago kai.

"Baba, zo ka gani."

Na sa ido. Fara fes, sai ɗan ɗigo a kwana. Na gaba ma haka. Huɗu suka fito haka. Ta jawo kaye tana bin lambobi da yatsa.

"Dukansu 'yan akwati na sha bakwai ne. Mi ya raba su da saura?"

Na buɗe baki. Kafin magana ta fito ta amsa wa kanta. Ai su ne suka fara cin albasa tun daga yaye, sauran sai da suka girma. Watakila sai an fara da wuri. Ta miƙe tana kai da komo a ɗakin tana lissafi da Faransanci. Ni kuma ina tsaye da fitila, na ji bayanin nata ya shige ni. Yana iya zama haka ne. Ai na san awaki sittin.

Ta ce kada a gaya wa kowa sai an sake gwadawa. Babanta kaɗai ta gaya wa. Ran Lahadi Fasto Ayuba ya miƙe a coci ya yi godiya ga Ubangiji da Ya ɓoye magani a cikin abin da talaka ke nomawa, Ya kuma nuna shi ta hannun ɗiyarsa. Kafin ranar kasuwa labari ya kai har garin Sabon Gida.

Na tarar da Alhaji Mani a tasha kan buhu yana gatsar ɗanyar albasa kamar mangwaro. Idonsa ja, ƙafafunsa sun kumbura sun cika takalmi.

"Sarkin Kusa! Yau kam na yi mubaya'a. Na aje ƙwayoyin asibiti, kwana shida ke nan. Talakawanka sun ce wagga ta isa."

"Kusa ba su ce komi ba, Alhaji. Koma ga maganinka."

"Fasto ya faɗa, cikin coci, gaban jama'a tai. Kai ka fi shi sani? Shekara sha ɗaya kana kwasar kashin kusu a ƙasar Nasara, yau abin ya yi rana, ka zo kana ɓata muna ciniki?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya dafe ƙirji har sai da ta lafa. Daga nan ban biya gida ba.

Na sami Dokta tana buga wa malaminta wasiƙa a keken rubutu, direban da zai kai ta Yamai da safe zai tashi. Na tsaya bakin ƙofa na cire hula. Na faɗa mata tun daga uwar da ta mutu har tawadar da aka lashe. Ba ta katse ni ba.

"To, Baba, kuskure ka yi ko ba ka yi ba?"

"Ban sani ba."

"Ba lokacin kunya ba ne. In ka rikita su, ce ka rikita."

"Ba kunya ba ce, Dokta. Ran da na huda kunnuwan na tabbata, da an ba ni Alƙur'ani da na dafa. Yau ban tabbata ba. Kuma ba abin da ya canza tsakanin ran nan da yau, sai dai jijiyoyin da na gani."

"Wata shida kana kallona, ba ka faɗa ba."

"Ina kallonki."

Ta zare takardar daga keken, ta ninke ta huɗu ta sa a aljihu. Sannan ta juya ta dubi katakon dama, inda 'ya'yan bakwai ɗin nan suka cika akwati goma sha huɗu, har wasu sun fara nasu 'ya'yan. Ta buɗe firigo ta tsamo kwalabe goma sha biyu. Su direban ya tafi da su a maimakon wasiƙar.

Da yammar nan ta tafi tashar albasa da ƙafarta, ta durƙusa gaban Alhaji Mani cikin maza, ta ce, "Baba Alhaji, abin da anka faɗa bai tabbata ba. Ni ce likitar, ni ke roƙonka ka koma ga ƙwayoyinka yau." Ya yi gunaguni, ya ce 'yan boko da safe magana da yamma wata, amma ya aika aka ɗauko su ya haɗiya a gabanta. Ran Lahadi kuma babanta ya sake miƙewa a coci ya janye godiyarsa. Ba ta gaya wa kowa daga ina matsalar ta fito ba.

Wata huɗu muka jira. Ban taɓa yin aiki irin na watannin nan ba. Kowace safiya in soya ƙaiƙayi, in tafasa ruwa, in auna abinci, in ciyar da akwati goma sha huɗu na dabbobin da ba wanda ya san ko su wane ne. Kan kowace takardar akwati Dokta ta zana alamar tambaya da jan bik. Nakan ɗauki ɗaya in juya shi a hannu, in dubi fuskarsa, wata rana in ga ɗan dama ne sarai, washegari shi ɗin dai in ga ɗan hagu. Tsakanina da ita gaisuwa ce da maganar aiki. Ba ta daina ce mini Baba ba, kuma ba ta ƙara komai a kai ba.

Amsar ta zo cikin sanyin hunturu, takarda ɗaya. Dokta ta kira ni ofis, ta sa na zauna, ta karanta lamba bayan lamba. Cikin biyar da na huda a matsayin 'yan hagu, uku 'yan dama ne. Cikin bakwai da muka tada zuriya da su, uku 'yan hagu ne. Shida daidai, shida kuskure. Da na rufe ido na damƙo, da abin da zan samu ke nan.

Na ƙirga a yatsa. "Dokta, uku ne 'yan dama. Amma huɗu sunka fito fes."

"Na gani. Lamba arba'in da ɗaya. Ɗan hagu ne na gaskiya."

"Kuma ya ci albasa."

"Ya ci."

"To albasar ce?"

"Ban sani ba, Baba. Ɗan uwansa ma ya ci, tasa ta toshe. Kusu ɗaya ba amsa ba ne." Ta ajiye takardar. "Katakon dama duk ya gauraye, ba mai amfani a ciki. Sai na roƙi malam ya aiko wasu, in ya yarda. Shekara guda ta tafi."

Na ciro makullin ɗakin ɓeraye daga aljihu na ajiye kan tebur. Ta dube shi, ba ta taɓa ba.

"Da ka bar su sun mutu, da kusu bakwai na rasa."

"Haka ne."

"To in gobe wata uwar ta mutu, ni kuma ina Yamai, mi za ka yi?"

Na san amsar da ta dace, tsohuwar nan 'yar Fotugal ta koya mini ita tun da daɗewa. Amma ba ita na faɗa ba.

"Ɗiyata, ba ni iya tsayawa in kalle su suna tsotsar gawa. Zan sake kai su ga wata. Amma kina sauka mota, kafin ki sha ruwa, zan faɗa miki."

Ta goge tabarau da bakin zanenta. Sannan ta sa yatsa ɗaya ta turo makullin har gabana.

"Gobe ka zo da wuri. Akwati sha huɗu za mu kwashe, mu kashe duk abin da ke ciki, kuma ni ba ni iya yinsa ni kaɗai."